Roba a ƙarƙashin gini ko kwamfuta a samansa: wanne ɗalibin injiniya daga Kaduna zai bi?

Ɗan ƙanwata ya gama digirinsa na injiniyan gine-gine a Zariya, ya yi hidimar ƙasa, yanzu yana neman digiri na biyu. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya biyo ni gida a Unguwar Rimi da takardu biyu a hannu. Malamai biyu ne a ƙasashen waje suka amsa wasiƙarsa. Dukkansu a fannin kare gini daga girgizar ƙasa suke aiki, amma kowa da hanyarsa. Na farko yana bincike kan na'urorin da ba sa shan wuta, wato robar da ake ɗora gini a kanta da shokazobar da ake ɗaura wa bene. Na biyu kuwa aikinsa kan ginin da ke kare kansa ne: sensa ta ji motsi, kwamfuta ta yi lissafi, inji ya tura ginin ya dawo daidai. Ya ce, "Kawu, wanne zan ɗauka? Na biyun ya fi burge ni, amma ina tsoron in dawo gida in rasa inda zan taɓa aiki da shi."

Na ce ya zauna a kawo abinci tukuna, maganar ba ta tsaye ba ce. Abin da muka tattauna har la'asar shi ne na ga ya dace in rubuta, don ba shi kaɗai ne zai tsaya a wannan mararraba ba, kuma tambayar ta shafi duk wanda wata rana za a sa shi cikin kwamitin gina asibiti ko gada.

Mu fara da dariyar da abokansa suke yi masa, wai zai je ya karanto maganin cutar da babu ita a garinmu. Mutanen Kwoi ba za su yi wannan dariyar ba. A ranakun 11 da 12 ga Satumba 2016 ƙasa ta motsa a can ƙaramar hukumar Jaba, bangaye suka tsage, mutane suka fice daga ɗakunansu. A Satumbar 2018 aka ji irinta a Mpape da ke Abuja, ta sake dawowa a 2024. Kafin nan an ji a Ijebu-Ode da Ibadan a 1984. Maƙwabtanmu kuwa sun ga babba: Akra a 1939, arewacin Gini a Disambar 1983, duka sun haura maki 6 a ma'aunin ƙarfin girgiza kuma an rasa rayuka. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Amma a faɗi gaskiya, muna nesa da bakin manyan farantan ƙasa, wato manyan ɓangarorin ɓawon duniya da gogayyarsu ke haddasa girgiza, inda Japan da Turkiyya suke zaune, kuma abin da aka ji a Kwoi bai kai maki 4 ba. Kowane maki ɗaya a ma'aunin yana nufin ƙarfi ya ninku kusan sau 32, don haka tsakanin maki 3 da maki 7 akwai ninki kusan miliyan. Haɗarinmu ƙarami ne, sai dai akwai shi. Abin da ya fi shi girma shi ne benayenmu suna faɗuwa ƙasa tana kwance lafiya lau, kamar mai hawa 21 na Ikoyi a Nuwambar 2021, da makarantar da ta rufta wa ɗalibai a Jos a Yulin 2024. Duk zaɓin da yaron zai yi, da wannan ma'aunin zan auna shi.

Akwai abu ɗaya da in ba a gane shi ba sauran bayanin ba zai shiga ba. Kowane gini yana da lokacin lilonsa, wato daƙiƙun da yake ɗauka ya karkata ya dawo. A ƙiyasin da injiniyoyi ke yi da ka, kowane hawa yana ƙara kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa: bene mai hawa 3 yana lilo a kusan daƙiƙa 0.3, mai hawa 10 a kusan daƙiƙa 1. Idan bugun ƙasa ya zo daidai da lokacin lilon ginin, sai ya zama kamar yaro a kan lilo ana tura shi a daidai gaɓa, kowace turawa tana ƙara masa nisa har igiya ta tsinke. Dutse mai tauri yana kawo bugu mai sauri, wanda ke cutar gajerun gine-gine masu tauri. Ƙasa mai laushi tana kawo bugu mai jan lokaci, shi ya sa a birnin Meziko a 1985 benaye masu matsakaicin tsawo da ke kan tsohon tafki suka fi shan wuya. Galibin Kaduna a kan tsohon dutse take, jar ƙasa da marmara a sama, in ban da bakin kogi inda yashi da laka suka taru. Gine-ginenmu kuma gajeru ne. Na ce masa ya riƙe waɗannan biyun.

Na ba shi misali da mai tallar nono. Tsakanin kanta da ƙwaryar akwai gammo, wanda bai san komai ba, bai ji komai ba, amma yana aikinsa. Sannan akwai wuyanta da ƙugunta, da ke jin ƙwaryar ta karkata su gyara nan take. Malamin farko gammo yake bincike. Na biyu wuya yake son ƙera wa gini.

Gammon gini

Hanyar ita ce a raba gini da harsashinsa. A ƙarƙashin kowace fila ana sa wani curi da aka yi da faifan roba da faifan ƙarfe, ɗaya bisa ɗaya, an manne su. Ƙarfen yana hana robar bajewa, don haka curin yana ɗaukar nauyin bene ba tare da ya lotsa ba, amma ta gefe yana da laushi. A nan ya bambanta da gammon gaske, wanda laushinsa daga sama zuwa ƙasa ne. Ƙasa ta fizga dama da hagu, robar ta karkace, ginin ya biyo a hankali, lokacin lilonsa ya tashi daga rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa 2 ko 3, ya fita daga inda bugun yake da ƙarfi. Wani masani ɗan Niyu Zilan, Bill Robinson, shi ya ƙara dabarar cusa sandar darma a tsakiyar curin a tsakiyar shekarun 1970, don darmar ta riƙa lanƙwashewa tana shanye ƙarfin motsin. Ginin William Clayton da ke Wellington ne ya fara hawa irin wannan a farkon shekarun 1980. Akwai kuma nau'in da ba roba ba, wani kasko na ƙarfe mai santsi wanda ginin ke zamewa a cikinsa, nauyinsa ya dawo da shi tsakiya, wanda Victor Zayas ya ƙirƙiro a Kaliforniya a shekarun 1980.

Abin da ya sa na daɗe a kan wannan shi ne ya sha gwaji a hannun girgizar gaske, ba a kwamfuta kawai ba. A girgizar Northridge ta 17 ga Janairu 1994, asibitin jami'ar Kudancin Kaliforniya, wanda ke kan roba, ya ci gaba da aiki alhali wasu asibitocin yankin sai da aka kwashe marasa lafiya. Bayan shekara guda cif, girgizar Kobe ta kashe mutum sama da 6,000, kuma daga nan Japanawa suka rungumi hanyar ka'in da na'in. A Maris 2011 asibitin Red Cross na Ishinomaki da ke Japan ya tsaya da ƙafarsa a girgiza mai maki 9, ya zama mafakar yankin bayan ambaliyar teku. Turkiyya ta kafa ƙa'ida a 2013 cewa sabon asibitin gwamnati mai gado 100 ko fiye a yankin haɗari sai an ɗora shi a kan irin waɗannan na'urori, kuma a girgizar 6 ga Fabrairu 2023, wadda ta kashe sama da mutum 50,000, an ga amfanin hakan a asibitocin da aka gama su a kan tsarin. A lura da kalmar da ke ta dawowa: asibiti. Gini na yau da kullum da aka yi shi da kyau burinsa kada ya rufta wa mutane, ko da zai tsattsage. Gammo yana kare har abin da ke ciki, injin hoto, kwalaben iskar numfashi, ɗakin tiyata.

Ya fi dacewa da gajeren gini mai tauri a kan ƙasa mai ƙarfi, wato siffar Kaduna ke nan. A kan laka irin ta bakin kogi yana iya ƙara ɓarna, domin ya tura ginin cikin bugu mai jan lokaci.

Aibinsa kuma ba ɓoyayye ba ne. Ginin yana buƙatar rami kewaye da shi, faɗin kamu ɗaya ko fiye, inda zai yi yawonsa. Bututun ruwa, na bayan gida da wayar wuta duk sai an yi musu gaɓa mai lanƙwasa. Ni da na san halinmu, tsorona ba robar ba ce, ramin ne. Shekara biyar bayan buɗe gini wani zai ce ramin yana tara shara da sauro, a kira birkila ya cike shi da kankare, ko a jingina masa shagon caji. Ranar nan kuɗin da aka kashe ya bi ruwa, ba kuma wanda zai sani sai ranar da ƙasa ta motsa. Sannan ƙaramin motsi irin na Kwoi mai yiwuwa ko tayar da darmar ba zai yi ba, ginin zai ji shi kamar kowane gini. Ga kuɗin waje, ga gwaji: kowane curi sai an matsa shi a injin gwaji an ga ya cika ƙa'ida. Ko a Japan an kama kamfanin Toyo da sauya alƙaluman gwajin robarsa a 2015, aka kama KYB da irin wannan a shokazobarsa a 2018. In haka ta faru a can, sai mu yi wa kanmu hisabi.

Ƙanin gammo a wannan gida shi ne shokazoba. Kusan irin ta mota ce, sai dai wata ta fi mutum tsawo: silinda cike da mai, fistin yana tura man ta ƙananan ƙofofi, ƙarfin motsi ya koma zafi. Ana ɗaura ta a karkace tsakanin hawa da hawa. Torre Mayor na birnin Meziko, mai hawa 55, yana da guda 98. Akwai kuma nau'in da ƙarfe ne zalla, sanda a cikin kwanson da ke hana ta lanƙwashewa, ta miƙe ta matse tana shan wahalar a madadin fila. Wannan ya fi burge ni don ba mai da zai yoyo, kuma ana iya ƙara shi a tsohon gini ba tare da an raba ginin da harsashinsa ba. Sharaɗinsa ginin ya zama mai ɗan lanƙwasa, don shokazoba ba ta aiki sai an motsa ta. Benen da aka cike kowane tsakanin fila da bulo ba zai ba ta wurin aiki ba.

Ƙwallon ƙarfen dogon benen Taipei 101 na Taiwan kuwa, mai tan 660 da ke rataye kusa da ƙololuwar ginin, wanda yara ke turo wa juna bidiyonsa, don iska aka fi yin sa. Garin da ake kiran hawa goma dogon bene ba ya buƙatarsa. Inda dabarar za ta yi mana rana shi ne gadar ƙafa da hasumiyar sadarwa. Gadar Millennium ta Landan da aka buɗe a Yunin 2000 kwana biyu ta yi aka rufe ta saboda tafiyar mutane kawai tana kaɗa ta, sai da aka sa mata shokazoba da irin waɗannan nauyaye aka sake buɗewa a 2002.

Wuyan gini

Wani malami a Amurka, James Yao, shi ya fito da tunanin a rubuce a 1972: me zai hana a yi wa gini abin da ake yi wa jirgin sama, ya ji motsi ya mayar da martani? Japanawa suka riga kowa aiwatarwa. A 1989 kamfanin Kajima, da jagorancin Takuji Kobori, ya sa na'urar farko a wani siririn bene mai hawa 11 a unguwar Kyobashi ta Tokiyo. Nauyi ne a kan rufi, inji yana tura shi kishiyar inda ginin ya nufa, bisa umarnin kwamfuta.

A lissafi babu abin da ya fi shi daɗi, kuma na gane dalilin da ya ja hankalin yaron. A aikace matsalolinsa uku ne, duka masu nauyi. Ƙarfin da ake buƙata a ture bene a babbar girgiza ya wuce abin da injin kan rufi zai bayar, shi ya sa galibin waɗanda aka girka don iska ne da ƙananan motsi, wasu ma an tsara su su kashe kansu in abin ya yi tsanani. Na biyu, in lissafi ya makara ko da ƙiftawar ido ne, injin zai tura ginin inda bai kamata ba, mai magani ya zama mai cuta. Na uku wuta. Babbar girgiza wuta take fara ɗaukewa ko a ƙasar da ba a san ɗaukewar wuta ba. Mu da janareton asibiti ke jiran a sa hannu a takardar man dizal, ina za mu kai na'urar da dole ta kwana a farke shekara 50 tana jiran daƙiƙa 20? Sensa tana tsufa, manhaja tana tsufa, kamfanin da ya yi allon lantarkin yana iya rufewa. Roba ba ta neman kowa ya sabunta mata komai, duba kawai take so lokaci-lokaci.

Masu fannin sun ga haka, suka koma tsaka-tsaki: shokazobar da kwamfuta ke ƙara mata tauri ko ta sassauta ta, ba tare da ta tura ginin ba. Wata da bawul ake sarrafa ta, kamar guda 356 da ke hasumiyar Mori ta Roppongi a Tokiyo, wadda aka gama a 2003. Wata kuma mai ne da aka zuba wa garin ƙarfe, maganaɗisu ya kama shi ya yi kauri nan take, ya sake shi ya koma ruwa. An sa irinta a gidan tarihin kimiyya na Miraikan a Tokiyo a 2001, da igiyoyin gadar tafkin Dongting a Sin. Batir ya ishe ta, in wuta ta mutu kuma ta koma shokazoba ta gargajiya. In har yaron zai bi malami na biyu, nan nake so ya tsaya.

Inda duniya ke haɗa kai, da ƙofar da ta buɗe mana

Babu ƙasar da ke yin wannan bincike ita kaɗai, saboda girgiza ba ta zuwa don an shirya mata gwaji, kuma teburin girgiza, wato dandamalin da inji ke jijjigawa don a gwada gini a kansa, tsada gare shi. Amurkawa da Japanawa suka fara kafa kwamitoci suna musayar sakamako, daga nan aka kafa ƙungiyar duniya ta masu wannan fanni a 1994, George Housner na jami'ar Caltech ta Amurka ya zama shugabanta na farko. A shekarar aka yi babban taro na farko a Pasadena, sai Kyoto a 1998, Como ta Italiya a 2002, San Diego a 2006, haka duk bayan shekara huɗu. Daga baya aka ƙara sa ido kan lafiyar gini a cikin sunan ƙungiyar, kuma wannan ƙarin zai dawo cikin maganarmu.

Babbar dabarar da suka yi ita ce jarrabawar bai ɗaya. Da, kowa yana gwada na'urarsa a kan ginin da ya ga dama ya ce tasa ta fi. Sai Bill Spencer da Shirley Dyke da abokan aikinsu suka fara fitar da gine-ginen gwaji a kwamfuta: bene mai hawa 3, daga baya mai hawa 20 na ƙarfe, mai hawa 76 don iska, gadar igiya ta Cape Girardeau, da wani mai hawa 8 a kan roba. Kowa ya ɗauki gini ɗaya, ya buga masa girgiza iri ɗaya, irin ta El Centro ta 1940 da ta Kobe, a auna da ma'auni ɗaya. A nan hanya ta biyu ta yi wa ta farko fintinkau a wajen talaka. Ɗalibi a Tudun Wada da kwamfutar cinya da intanet zai iya shiga wannan gasa, ya buga takarda, masana a Sin da Italiya su karanta. Manhajar lissafin gini ta OpenSees ta jami'ar Berkeley a Amurka kyauta ce, rumbun bayanan girgiza na cibiyar PEER ma haka.

Binciken gammo kuwa yana son ƙarfe da inji. Teburin E-Defense da ke Miki kusa da Kobe, wanda aka buɗe a 2005, mita 20 ne da mita 15, yana ɗaukar tan 1,200, wato bene sukutum. A 2011 masu bincike daga Amurka da Japan suka ɗora bene mai hawa 5 a kansa, suka gwada shi da roba, da kasko, da kuma ba komai. Abin da ya fito, wanda lissafi bai nuna sosai ba, shi ne bugun sama da ƙasa yana ratsa gammo ya zubar da silin. Irin wannan ilimi sai ka je inda teburin yake, ko Pavia ta Italiya, ko San Diego. Saboda haka hanyar farko ta fi buƙatar tafiya, kuma ta fi ba da dalilin tafiyar. Na ce masa, "Abin da za ka iya yi a ɗakinka a nan, me zai sa ka ƙetare teku dominsa?"

Akwai wani tarihi da ya kamata ɗan Najeriya ya sani. Masu binciken robar Malesiya, tare da James Kelly na Berkeley, sun ƙera roba mai shanye motsi da kanta ba sai da darma ba, kuma da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya aka gina gidajen gwaji a kanta a Indunusiya da Shantou ta Sin a shekarun 1990. Ƙasa mai itacen roba ce ta nemo wa amfanin gonarta kasuwa. Mu ma muna da itacen, muna da cibiyar binciken roba a Iyanomo kusa da Benin. Kelly ya kuma yi aiki kan maye faifan ƙarfe da zare mai ƙarfi don curin ya yi arha da sauƙin ɗauka, a Turkiyya har tsofaffin tayoyi an gwada. Wannan fage bai cika ba, kuma tambayoyinsa namu ne: yaya roba ke tsufa a zafin Maris da Afrilu, me ƙurar hunturu ke yi wa kasko mai santsi. Ko ba girgiza, galibin gadojin kankare na zamani a kan faifan roba bim ɗinsu ke zaune, kuma faifan nan yana lalacewa yana son mai duba shi. Wanda ya san roba ba zai rasa aiki a ƙasar da ke ta gina gadar sama ba.

To me muke da shi da za mu kai teburin haɗin gwiwa, kada mu zama 'yan kallo? Bayanai. Ƙasashe masu zama a tsakiyar faranti irinmu ba su da yawan rikodin motsin ƙasa, kuma masu zana taswirar haɗari, irin gidauniyar GEM da ke Pavia, suna nemansa. Cibiyar da ke Toro a jihar Bauchi, ƙarƙashin hukumar sararin samaniya, ita ke riƙe da tashoshin auna motsi, hukumar binciken ma'adinai ma tana da nata. Cibiyar horo ta Tsukuba a Japan ta shafe shekaru sama da 60 tana karɓar injiniyoyi daga ƙasashe masu tasowa. Kuma a nan ne ilimin malami na biyu yake da ranarsa a gida: sensa da lissafin sigina, ko an cire injin turawa, su ne kayan aikin sa ido kan gada, madatsar ruwa irin Shiroro, da ginin da ke kusa da inda ake fasa dutse.

Abin da na ce ya yi

Na ce ya ɗauki na farko, da sharaɗi biyu. Ya nemi aikinsa ya karkata ga roba mai arha da sandar ƙarfen da ake ƙara wa tsohon gini, ba na'urar da sai hasumiyar banki za ta iya saye ba. Sannan ya ɗauki darasin sensa da sarrafa sigina a matsayin ƙari, ko da ba a tilasta masa ba. Da a ce niyyarsa ya zauna a jami'a ko ya yi aiki a waje, ko kuma lissafi ne abin da ke hana shi barci, da na ce ya bi na biyu ba tare da na ji komai ba, don ilimin yana shiga harkar jirage, injin iska da mutum-mutumi. Haka in kuɗin karatun ɗaya cikakke ne ɗayan rabi, to maganar ta ƙare, cikakken zai bi.

Ya ce, "Kawu, to asibitocinmu fa, a sa musu robar?" Na ce ɗakin tiyata, wurin ajiyar jini, cibiyar bayanai, waɗannan sun cancanci a zauna a yi lissafi, bayan an auna ƙasar wurin. Sauran gine-gine kuwa kuɗin ya fi amfani a wani waje. Ƙa'idar Ingila ta BS 8110 da yawancinmu muka koya muka kuma yi aiki da ita ba ta tanadi girgiza ba, amma gyaran da ake buƙata ba mai tsada ba ne. Ringin fila a matso da shi kusa da mahaɗarta da bim, a lanƙwasa bakinsa ya shige cikin kankare maimakon a bar shi a kwance. Fila ta fi bim ƙarfi. A ɗaure bango da linta kewaye. A daina cin siminti. A kuma yi hattara da fasalin da ya cika titunanmu, shaguna buɗe a ƙasa, gidaje cike da bulo a sama, domin hawan ƙasa ne ke durƙushewa, kamar yadda aka gani a Turkiyya. A 2010 girgiza mai maki 8.8 ta kashe ɗaruruwa a Chile, mai maki 7 ta kashe dubun dubata a Haiti, kuma babban abin da ya raba su ƙa'idar gini ce da bin ta, ba na'ura ba.

Da zai tafi na raka shi ƙofar gida, ya tsaya yana kallon tankin ruwan maƙwabcinmu, lita dubu biyu a kan siraran ƙafafun ƙarfe, ba ko sandar karkace. Tan biyu ke nan a sama. Na gaya masa akwai dogayen gine-gine, irin One Rincon Hill na San Francisco, da tankin ruwa ne ke rage musu lilo, an auna zurfin ruwan yadda zai riƙa tambal-tambal kishiyar ginin. Ya ciro wayarsa ya ce akwai sensar motsi a cikinta, zai ɗaura ta a jikin ƙafar tankin ya tura da hannu ya ga daƙiƙa nawa take lilo, da ruwa da kuma babu ruwa. Na ce ya fara yi wa mai gidan sallama tukuna, kuma in zai je Panteka neman mai walda, ya tambayo mini kuɗin sandar kwana guda huɗu.